Taya ta yi zafi? Kada ka sace mata iska

[Bakin kwalta, kamyo a karkace, yagaggiyar taya]

Wannan hoton da wuya a ce bai shigo wayarka ba cikin satin nan. Kamyo ya ɗauko albasa, tayar baya ta tarwatse, buhuna sun watse bakin hanya. Ba fashewar ce ta sa muka ɗauko kamara ba, saƙonnin muryar da suka biyo baya ne. Kowa ya zama malamin taya: "Ai laifin direba ne. Bazara ce, zafi ya kumbura ta, da ya tsaya ya rage iska da ba ta fashe ba." Har wani dattijo da nake ganin girmansa ya turo mini haka. Baba, a yi mini afuwa, yau dai zan yi maka gardama.

[Garejin manyan motoci, Tawa, bayan sallar asuba]

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Dubi gefen tayar nan: 315/80 R22.5, girmanta ke nan. Wannan 156/150 kuwa nauyin da za ta iya ɗauka ne: kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 in an haɗa su biyu a baya. Waɗannan lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, 2319, sati na 23 ne na shekarar 2019. Ranar haihuwarta. Mai son sayen tayar gwanjo ya fara duba nan kafin ya saurari rantsuwar mai sayarwa.

Sai zanen taya. In gefe da gefe suka cinye tsakiya na nan, iska ce ba ta isa. In tsakiya ya cinye, ta yi yawa. In gefe guda ne kawai, a duba saitin ƙafa. Dutsen da ya maƙale tsakanin tagwayen baya a cire shi yanzu, kafin ya huda ɗaya ko ya fita ya fasa gilashin na bayanka.

To, ga inda muka dosa.

[Aparanti ya durƙusa da ma'aunin iska]

Ƙarfe shida na safe, motar ta kwana a tsaye. Allura ta nuna 8 da rabi. Bar ne sunan awon, mu nan kilo muke ce masa. A ce 8 da rabi ɗin ne masu tayar suka rubuta don irin wannan kaya. Kai ka duba naka, don kowace taya da nata lissafin. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan lambar ta taya mai sanyi ce, wadda ta huta aƙalla awa uku ba ta yi tafiya ba.

Yanzu motar ta kama hanya. Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni. Watan Afrilu, zafin inuwa ya haura 40, kwalta kuwa ko da takalmi sai ka ji ta. Direba ya tsaya cin abinci, yaro ya sa ma'auni.

"Maigida, ta kusa 10!"

"Kai, sace ta! Mai da ta 8 da rabi."

Tsssss. Wannan ƙarar, ita ce duk abin da ya sa aka yi bidiyon nan.

Iska in ta yi zafi matsinta ƙaruwa yake, halinta ne. In da safe zafin cikin tayar yana digiri 30, da rana ya kai 70, to 8 da rabi za ta koma kusan 10 ba tare da kowa ya ƙara ko ɗigo ba. Waɗanda suka ƙera tayar sun san da wannan. Sun lissafa shi tun a masana'anta, kuma taya lafiyayya tana jure abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Wato 10 ɗin da yaron ya gani ba ciwo ba ne.

Amma da ya sace ta zuwa 8 da rabi tana da zafi, me ya rage a ciki? Bari ta huce ka gwada. Ko 7 da rabi ba za ta cika ba. Kilo guda cur ya tafi, kayan kuwa suna nan yadda suke, ko buhu ɗaya ba a sauke ba.

[Hannu riƙe da waya, ana lanƙwasawa]

Duba wannan wayar. Na lanƙwasa, na miƙe, na lanƙwasa, na miƙe. Taɓa nan. Ka ji zafi? Bari in ci gaba. Ga shi, ta karye.

Cikin jikin tayar kamyo irin wannan wayoyin ƙarfe ne jere. Duk juyi ɗaya, wurin da ya taɓa ƙasa sai ya lotsa, ya sake miƙewa. Taya mai wannan girman tana juyawa sau wajen 300 a kilomita ɗaya. Ka lissafa daga Tawa zuwa Yamai, fiye da kilomita 500. In iska ta cika, lotsawar kaɗan ce. In ta ragu, gefen tayar yana lanƙwashewa sosai, kuma daga nan ne mafi yawan zafin ke fitowa, ba daga rana kaɗai ba. Sai tayar ta ƙara zafi fiye da ɗazu, allura ta sake hawa, a Dogon Dutsi yaro ya sake gwadawa, maigida ya sake cewa a sace. Garin neman gira a rasa ido. Kafin a kai Doso roba ta fara rabuwa da waya, sauran sai abin da kuka gani a farkon bidiyon nan.

Ni a ganina abin da ya dasa wannan al'ada shi ne ƙarar fashewar. Mutum ya ji "tum!" kamar bindiga, hankalinsa sai ya ba shi iska ce ta yi yawa, kamar balan-balan. Ba ya ganin awa huɗun da tayar ta yi tana dahuwa a hankali.

To me za ka yi in ka taɓa taya ka ji ta yi zafin da ya ba ka tsoro? Ka sami wuri ka tsaya, in da inuwa ya fi. Ku sha shayi. In za ka ci gaba, rage gudu. Sannan ka kai hannu kusa da tsakiyar ƙafar, kada ka taɓa: in ƙafa ɗaya ce ta fi sauran zafi, wataƙila birki ne ke kamawa ko boris ya fara ci, tayar ba ta da laifi. In kuma ka gwada tagwaye ka ga ɗaya tana kusa da 10, ɗayar tana 8, mai 8 ɗin ce abar tuhuma. Tana yoyo, 'yar uwarta ce ke ɗaukar mata kaya.

[Aparanti yana bubbuga tayoyi da ƙarfe]

Wannan kiɗan ma mu faɗi gaskiya a kansa. Yana nuna maka tayar da ta sace gaba ɗaya. Bambancin kilo ɗaya kuwa, ko kunnenka na makaɗin Sarkin Adar ne ba za ka ji ba. Sayi ma'auni, ka ajiye shi a gaban mota. Kuma tayar ciki ta tagwayen baya ita ma taya ce, a miƙa hannu a gwada ta ko da riga za ta yi datti.

Masu faci, wannan taku ce. Tayar da aka yi tafiya da ita iskarta ta faɗi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, misali daga 8 da rabi ta sauko ƙasa da 7, kada a ɗora mata tiyo haka nan. A cire a duba cikinta, don wayoyin sun riga sun gaji, suna iya ɓarkewa ana cikin hurawa. Kada kowa ya tsaya saitin gefen taya ana ba ta iska, balle a zauna a kanta. Tsofaffin ƙafafu masu zobe sun fi haɗari. In akwai kejin ƙarfe a sa ta ciki, in babu a ɗaure da sarƙa a ja da baya.

[Ana ɗaura ƙafa]

Ɗaurin ƙafa a gurguje. A goge tsatsa da ƙasa daga fuskar da za ta zauna. Bulon goma ne, a ɗaure su tsallake-tsallake, wannan da na gabansa, ba bi da bi ba. Dogon bututu da ƙato yana tsalle a kai ba awo ba ne. Yana miƙar da ƙarfe har ya tsinke a hanya. Akwai makulli mai awo, yana yin "ƙas" in ya kai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin su duka, don ƙafa tana zama ɗaurin ya saki. In ka tashi daga Tawa, Badagishiri ta yi daidai. In kuma ka ga jan tsatsa ya zubo daga gindin bulon kamar hawaye, wannan ya riga ya kwance, kada ka jira Badagishiri.