An ciro min tsakuwar ƙoda, ko ɗinki ɗaya babu

Assalamu alaikum, mutanen Gombe ina gaisuwa daga nan Alƙahira. Kwana biyu kun ji ni shiru, to ga dalilin a hannuna. Bari in matso da kwalbar kusa da kyamara. Kun ga wannan ɓarɓashin mai ruwan ƙasa, kamar tsakin gero? Ragowar tsakuwar da ta kwantar da ni ke nan. Kafin a farfasa ta milimita 9 ce, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.

Da asuba abin ya taso. Ciwo ya soke ni a kwiɓin dama ya gangaro mara, zama ya gagara, kwanciya ta gagara, sai amai. Da aka yi min hoton CT, likita ya nuna min inda ta maƙale: ta baro ƙoda ta tsaya a siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara. Tsawon bututun santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal. Ƙananan da ba su wuce milimita 5 ba galibi sukan fita da kansu. Tawa mako biyu ina shan magani ko gezau ba ta yi ba, ƙodar ma ta fara kumbura.

Kawu, kai na yi wa wannan bidiyon. Umma ta ce an ga irinta a jikinka, ka ce ba mai tsaga maka ciki, ka koma shan jiƙo. Allah ya ƙara maka lafiya, dubi cikina. An yi min allurar barci, aka zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari, ta ratsa mafitsara ta hau bututun har ta iske tsakuwar. Da hasken leza aka farfasa ta, aka kwaso gutsattsarin da ɗan kwandon waya. Washegari aka sallame ni.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba, tana wajen robar da ake bari a ciki. Siririya ce mai lanƙwasa a kai biyu, ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, don kada kumburi ya toshe hanya. Kwana goma na yi da ita: fitsari jaja-jaja, kowane lokaci ina jin matsuwa, in na tsuguna kuma kwiɓin ya amsa. Ranar cirewa, 'yan mintoci aka gama. Duk wanda aka sa wa robar nan ya rubuta ranar cire ta ya manna a bango, domin in ta yi watanni tsakuwa takan taru a jikinta, aikin ya dawo sabo kuma ya fi na farko wuya.

Abin da ke hana ni barci, Kawu, shi ne da ka ce ciwon ya lafa. Lafawar ciwo ba fitar tsakuwa ba ce, ƙodar da aka toshe tana iya lalacewa shiru. In kuwa zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da toshewar, a daren za a tafi asibiti, ba a jiran gari ya waye. Akwai likitocin ƙoda da mafitsara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka kai musu hoton su faɗa maka hanyar da ta dace da girman taka.

Na san yadda kake wuni a kasuwar Tudun Hatsi cikin zafin Afrilu, gumi na zuba, ruwan kirki ba ka sha sai ka koma gida. Ni an ce in riƙa shan kamar lita 3 a rana, wato ledar fiya wata shida, in rage gishiri da magi, saboda tana dawowa. Ga gorata nan, ban rabuwa da ita.

Bayan Magariba zan kira Umma in ji ranar da za ku je.