Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar auna gudu ta kama ni, ko zan iya musantawa a kotu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku.

Wasiƙar farko ta zo ne daga unguwar Bronx a birnin New York, daga wani ɗan'uwanmu haifaffen zangon Kumasi da ke tuƙa tasi a can. Ya ce ɗan sanda ya tsayar da shi da daddare, ya ce na'urar rada ta nuna yana gudun mil 47 a sa'a a inda aka ƙayyade mil 30, wato wajen kilomita 76 a maimakon 48. Shi kuma ya rantse bai kai haka ba, kuma a daidai lokacin wata babbar mota tana wuce shi ta hannun hagu. Tambayarsa ita ce: ya biya tarar ya huta, ko kuwa akwai yadda mutum zai ja da na'ura a gaban alƙali?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Abu na farko, biyan tarar nan daidai yake da amsa laifi. Kana biya za a rubuta maka makin laifi a lasisi, kamfanin inshora zai iya ƙara maka kuɗi, kai kuma sitiyarin nan ne gonarka. Saboda haka in ka tabbata ba ka yi gudun ba, ka rubuta cewa ba ka amsa laifin ba, cikin kwana 15 da aka ba ka. A birnin New York irin wannan ƙara ba ta zuwa kotun laifuka. Wani sashe ne na hukumar lasisin motoci ta jihar ke sauraronta, kuma a can babu cinikin a rage maka laifi: ko dai a same ka da shi, ko a wanke ka.

Bari mu duba na'urar kanta, domin sai ka san ramin kura kafin ka zura hannu. Ka taɓa lura da jiniyar motar asibiti? Idan tana tunkaro ka ƙararta siririya ce, tana wuce ka sai ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Austriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin haka a 1842. Da wannan ilimin rada take aiki: tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi mota ta dawo, sai na'urar ta auna yadda ta sauya, ta fitar da gudun. Wani injiniya mai suna John Barker ne ya ƙera ta domin hanyoyi, aka fara gwada ta a jihar Connecticut a 1947. Kotun ƙolin jihar New Jersey ta amince da ilimin da ke bayanta a 1955, babbar kotun jihar New York ta bi sahu a 1958. Don haka kada ka ɓata numfashinka wajen cewa rada ƙarya ce gaba ɗayanta, an wuce wannan wurin tuntuni.

Inda maganarka take da ƙarfi shi ne a nan: rada tana auna gudu, amma ba ta san motar wa ta auna ba. Igiyarta kamar hasken tocila take, tana nisa tana faɗi. A tazarar mita 300 faɗinta yakan kai wajen mita 60, wanda ya isa ya rufe titi mai layi huɗu har ya yi saura. Abin da ke fitowa a fuskar na'urar lamba ce kawai, babu hoto, babu lambar mota. Kuma takan ɗauki abin da ya fi mayar mata da igiya da ƙarfi, wanda sau da yawa babbar mota ce ko da ƙarama ta fi kusa. Idon ɗan sanda ne yake yanke cewa wannan lambar ta waccan motar ce. Babbar motar da ka ambata kuwa, ita ce jigon ƙararka.

Ranar zaman, jami'in zai fara ba da shaida bisa rantsuwa, sannan a ba ka dama ka yi masa tambayoyi. Ka yi su cikin ladabi, ɗaya bayan ɗaya. A ina yake tsaye, kuma tazarar nawa ce tsakaninku lokacin da ya ɗauki gudun? Motoci nawa ne a wurin? Ya ga babbar motar? Ya ƙiyasta gudunka da ido kafin ya duba na'urar? Sai kuma lafiyar na'urar a ranar: ya gwada ta a farkon aikinsa da ƙarshensa? Akwai wani ɗan ƙarfe mai reshe biyu da ake ƙwanƙwasawa a riƙe a gabanta, kaɗawarsa ta sa ta nuna wata lamba sananniya; in ta nuna wata daban, to ba ta kan daidai. Ka tambayi yaushe aka yi wannan gwaji, da ko an horar da shi a kan irin wannan na'ura. Idan kuma motarsa tafiya take lokacin, na'urar sai ta auna gudun motarsa ta cire, kuma kuskure a nan yakan ƙara wa mai tahowa gudun da bai yi ba.

Irin waɗannan kurakurai sun taɓa girgiza kotu. A 1979 a Miami, an nuna rada ta ba wa bishiya gudun mil 86, ta ba wa gida mil 28, har alƙali Alfred Nesbitt ya ƙi karɓar shaidarta. Na'urorin yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma labarin yana nuna cewa hannun da ya riƙe ta da yadda aka kula da ita abin tambaya ne.

Abubuwa biyu zan ja kunnenka a kansu. Ka duba takardar tarar da kyau: idan an rubuta lesa ce aka yi amfani da ita, wato na'urar da ke auna gudu da haske maimakon igiyar rediyo, haskenta siriri ne, faɗinsa bai wuce kimanin mita 1 ba a tazarar mita 300, kuma hujjar babbar mota za ta yi rauni sosai. Sannan kada ka ce ai daga gefe ya auna ka; ga jami'in da ke tsaye, aunawa daga gefe rage lambar take yi, wato kai ta yi wa rangwame. Ka kuma sani kotunan New York suna karɓar ƙiyasin idon ƙwararren jami'i a matsayin shaida, musamman in ratar tana da yawa.

Tun yau ka koma wurin ka ɗauki hotuna: allon ƙayyade gudu, kwana, inda jami'in ya faka. In akwai kyamara a gaban motarka, ka adana bidiyon daren kafin sabo ya hau kansa ya goge shi. Kuma tunda abincinka ne a kan layi, kuɗin lauyan da ya saba da wannan ofis ba asara ba ce. In hukunci bai yi maka daɗi ba, kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara. Roƙona ɗaya, Malam: abin da ka gani da idonka kaɗai za ka faɗa. Rantsuwa ce, kuma birnin da ya sauke gudun yawancin titunansa zuwa mil 25 a 2014 ya yi haka ne saboda masu tafiya a ƙasa da ake bankewa. Allah ya ba mai gaskiya sa'a.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Zariya. Ta ce mijinta yana jigilar fasinja zuwa Kano, tana son sanin gudun da doka ta yarda masa.

Hajiya, dokar hanya ta Nijeriya ta ba bas da tasi kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Motar gida ce ake bari ta kai 100 a tagwayen hanyar. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da irin wannan na'ura, kuma wanda bai yarda da tuhuma ba yana iya kare kansa a gaban majistare, har a kotun tafi-da-gidanka. Ki gaida mana maigida, Allah ya kiyaye hanya.