Bergen-Belsen: abincin tausayin da ya yi kisa

Jama'a masu sauraro, ranar 15 ga Afrilun 1945 ne sojojin Birtaniya suka shiga sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ake kira Bergen-Belsen, da ke arewacin Jamus. Da yawa daga cikinsu, in suna ba da labari, da wari suke farawa, warin da ya tarbe su tun ba su kai bakin ƙofa ba. A ciki suka iske fursunoni wajen 60,000, da yawansu Yahudawa, sun rame sai fata da ƙashi, ga gawawwaki kimanin 13,000 yashe a fili. Ruwan famfo ya ɗauke, zazzaɓin taifus na ta ɗibar rayuka.

Abin da ya fi ci wa sojojin nan rai har tsufansu shi ne batun abinci. Tausayi ya sa suka miƙa guzurinsu: naman gwangwani, biskit, cakulan. Mutane suka ci, wasu suka mutu. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka ɗura masa abinci mai nauyi lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam na cikin jini sukan faɗi warwas, zuciya ta gaza, gudawa ta ƙarasa wanda ya rage. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa na yau ake fara ba yaro madara mai sauƙi, kaɗan-kaɗan, kafin a ƙara.

Likitoci ƙarƙashin Birgediya Glyn Hughes, babban likitan sojan Birtaniya, sun gwada kunun da aka yi amfani da shi a yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya, amma zaƙinsa ya yi yawa, majinyata suka ƙi sha. Ƙarin ruwa ma ya gagara, domin da sun ga allura sai su firgita, sun san abin da 'yan Nazi suka yi da ita.

Taifus kuwa ƙwarƙwata ke yaɗa shi. Sai aka mai da wata bargar dawaki ta barikin sojan Jamus wurin wanka: a ɗauko majinyaci, a aske shi, a wanke, a barbaɗa masa hodar kashe ƙwari ta DDT, sannan a kai shi asibiti. Dakarun SS, wato 'yan Nazi masu gadin sansanin, aka tilasta wa ɗaukar gawawwaki, da abin ya fi ƙarfin hannu aka sa katafila ta tura su manyan ramuka.

Duk da wannan ɗawainiya, kusan mutum 14,000 sun rasu bayan an 'yantar da su. Ranar 21 ga Mayu aka cinna wa ɗakin katako na ƙarshe wuta don kashe cutar.