Laccar Ƙwallon Ƙauye: Crossmaglen, Kulob ɗin da Sojoji Suka Ci Masa Fili

Assalamu alaikum. Na bayan can kuna ji? To madalla. A rage fankar nan kaɗan, tana kwashe mini takardu.

Yau Ailan za mu, can arewacinta, wani ɗan gari da ake kira Crossmaglen, su kansu mutanen garin Cross kawai suke cewa, mu ma haka za mu riƙa cewa don kada harshe ya karye. Abu huɗu na shirya: yadda wasan yake, yadda ake zama ɗan kulob, tarihin kulob ɗin, sai kofunan da suka ci.

Na farko, wasan. Ƙwallon Gelik ba ita ce wadda kuke kallo a gidan kallo ranar Asabar ba. Mutum 15 ne a kowane ɓangare: gola ɗaya, 'yan baya shida, 'yan tsakiya biyu, 'yan gaba shida. Filin ya fi namu girma sosai, tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa 80 zuwa 90. Ragar tana nan kamar tamu, sai dai turakun biyu sun zarce sama can. In ka jefa ƙwallo a raga, maki uku ke nan. In ta bi ta saman sanda tsakanin turakun, maki ɗaya. Shi ya sa in kuka ga an rubuta 2-13, ba ci biyu da sha uku ba ne. Ƙwallo biyu a raga, wato shida, a haɗa da sha uku, maki 19 na ƙungiya guda. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Ana riƙe ƙwallon da hannu, amma taku huɗu kawai aka yarje maka. Bayan nan ko ka buga ta ƙasa ta dawo, ko ka sake ta kan ƙafarka ka ɗan taɓa ta ta dawo hannu kana cikin gudu. Buga ƙasa sau biyu a jere laifi ne. Jifa da hannu laifi ne, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta da ɗayan. Kuma maza ba sa sunkuyawa su ɗauke ta daga ƙasa kai tsaye, sai an sa ƙafa an ɗago ta. Wasan kulob awa guda ne, minti talatin-talatin. Daga 2025 an ƙara wata doka, wanda ya bugo daga bayan layin mita 40 ta bi ta sama, maki biyu. Amma duk kofunan da zan lissafa an ci su kafin wannan.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Hukumar da ke riƙe da wasan sunanta GAA, an kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, wani malamin makaranta Michael Cusack yana cikin jagororinta. Da suka zo tsara ƙungiyoyi, sai suka bi taswirar da kowa ya riga ya sani, wato yankin coci. Kowane cocin Katolika na karkara yana da iyakarsa, gidaje kaza da gonaki kaza, su suna kiransa farish. A mafi yawan gundumomin karkara, dokar ita ce inda aka haife ka ko inda kake zaune, nan za ka buga. Ba a saye, ba a sayarwa, ba a biyan albashi. Jama'a, ku sake ji: ba a saye. Babu wani attajiri da zai fito da kuɗi ya ce a ɗauko mana gola daga Faransa. In farish ɗinku bai haifi gola ba, to sai ku duba cikin 'ya'yanku ku ga wa ya fi dogon hannu, ku fara koya masa tun yana ɗan shekara takwas.

Akwai sauya kulob, kada wani ya kama ni da ƙarya. In aiki ya kai ka Dublin ko aure ya mayar da kai wani gari, kana iya cike takarda, hukumar gunduma ta duba ta amince. A babban birni ma dokar iyakar ba ta da wannan ƙarfin. Amma a karkara, mutum ya tsallaka ya je ya buga wa maƙwabta saboda sun fi cin kofi, wannan abin kunya ne da za a riƙa tuna wa jikokinsa.

To me wannan dokar take haifarwa? Koci ba ya tunanin kakar bana kawai. Wanda yake koyar da 'yan ƙasa da shekara goma da safiyar Asabar, shi ne yake gina ƙungiyar da za ta fito bayan shekara goma sha biyu. Ana koya wa yaro bugu da ƙafa biyu, naushi da hannu biyu, da cafe ƙwallo sama da kai. Wanda aka bari ya girma da ƙafa ɗaya, in ya kai matakin manya, ɗan baya mai wayo zai tsaya masa ta gefen ƙafar nan ya tura shi can kusurwa, shi ke nan an kashe shi. Kuma tun da ba a saye, ba a zubarwa. Yaron da yake da jinkiri yana ɗan sha biyu ba a korarsa, domin ƙila shi ne zai miƙe yana ɗan sha takwas, kuma ba ku da wani a madadinsa. Garin Cross fa mutanen cikinsa ba su kai dubu biyu ba. Cire mata, cire tsofaffi, cire yara, ka ga sauran da ake zaɓar mutum 15 daga ciki. Kuma kada ku ɗauka duk yankin nasu ne. Cullyhanna da Culloville da Silverbridge suna nan dab da su, kowa da kulob ɗinsa, kowa yana riƙe da 'ya'yansa.

Shi ya sa in ka duba jerin 'yan wasansu sai ka ga kamar takardar rabon gado. Joe Kernan ya buga, ya zama koci, 'ya'yansa huɗu suka buga: Stephen, Aaron, Tony da Paul. Tagwayen McEntee, John da Tony. Gidan McConville, Jim da ƙanensa Oisín. Sannan Rian da Oisín O'Neill da ake yayi yanzu, Oisín McConville kawunsu ne. In koci ya ajiye yaro a benci, gobe da safe zai haɗu da uwarsa a shago. Wannan ma wani nau'in matsin lamba ne da kocin Firimiya bai sani ba.

Kuɗi fa? Kuɗin rajistar mambobi, kuɗin ƙofa, ɗan kasuwar da ya sa sunansa a gaban riga, da wata 'yar caca ta mako-mako da kusan kowane kulob yake yi. Na ga Malam yana girgiza kai. Ban ce a kwaikwaya ba, labari nake bayarwa. Mai yanke ciyawa, mai zana layi da farin fenti, mai wanke riguna, mai dafa shayi, duk kyauta suke yi.

Na uku... a'a, har yanzu muna na biyu, domin ban faɗi inda abin yake lalacewa ba. Yana lalacewa ta hijira. Samari biyar su tashi zuwa Ostareliya ko Amurka neman aiki a shekara guda, ƙungiyar ƙauye ta durƙushe, don babu kasuwar da za a je a cike gurbin. Akwai yankunan yammacin Ailan da sai an haɗa farish biyu ko uku kafin a samu yara 15. Sai raunin jijiyar gwiwa, wanda yake cin kusan shekara kafin mutum ya dawo, ga shi ma'aikaci ne, birkila ko malamin makaranta. Sai kuma rigima da ƙungiyar gunduma: in ɗan wasanku ya yi fice, gunduma ta ɗauke shi, da can sai ku yi watanni ba ku gan shi ba. Wannan ne ya sa daga 2022 aka raba shekara, gunduma ta gama a watan Yuli, a bar wa kulob sauran.

To, tarihi. An kafa kulob ɗin a 1887, shekara uku bayan GAA, da farko da sunan Red Hands, daga baya ya zama Crossmaglen Rangers. Rigarsu baƙi da ruwan ɗorawa. Garin yana kudancin gundumar Armagh, 'yan kilomitoci daga iyaka. Da aka raba tsibirin a 1921, gundumomi shida suka zauna ƙarƙashin Birtaniya, Armagh na ciki, amma GAA ba ta taɓa bin wannan iyakar ba, gundumomi 32 take ƙirgawa har gobe.

Da rikicin Ailan ta Arewa ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960, kudancin Armagh ya zama wuri mafi haɗari ga sojan Birtaniya, har ta kai ba sa iya bin hanya da mota, sai jirgi mai saukar ungulu. Barikinsu kuwa yana manne da filin kulob ɗin, filin St Oliver Plunkett. Tun farkon shekarun 1970 suka ƙwace wani ɓangare na harabar. Ku kwatanta: ana atisaye, jirgi ya sauko dab da kai, iska da ƙara, ba ka jin usur. Manyan motoci su bi ta kan ciyawa su farfasa ta. Ƙwallo ta tsallaka katangar bariki, sau da yawa sai dai a ɗauko wata. 'Yan wasan baƙi kuma sai an tsayar da su a shinge an bincike jakunkuna. Shekara bayan shekara ana kai ƙudurin a mayar musu da filinsu gaban babban taron GAA. Ba a mayar ba sai 1999, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Da sun daina buga wasa a wurin, da an cinye filin duka, wannan shi ne dalilin da ya sa ba su tashi ba.

Kai, lokaci. Kofuna, da gudu. Hanyar ita ce ka ci gundumarka, ka ci lardinka na Ulster mai gundumomi tara, sannan ka kara da zakarun sauran larduna, wasan ƙarshe a Croke Park a Dublin, filin da yake ɗaukar mutum 82,300. A lokacin ranar 17 ga Maris ake yi. Daga 1996 zuwa 2008 Cross suka ci Armagh sau 13 a jere. Pearse Óg suka tsinke musu igiya a 2009, suka dawo suka ci shida a jere daga 2010 zuwa 2015. Sha tara cikin ashirin ke nan. Ulster sau 11. Na ƙasa baki ɗaya sau shida: 1997 a kan Knockmore, 2-13 da 0-11, kun tuna lissafinmu, 19 da 11, 1999 a kan Ballina da maki ɗaya tak, 0-9 da 0-8, 2000 a kan Na Fianna ta Dublin. Waɗannan ukun ƙarƙashin Joe Kernan ne, biyun farko ma ana cikin zaman doya da manja da barikin. Sai 2007 a kan Dr Crokes bayan an yi canjaras an sake, 2011 a kan St Brigid's, 2012 a kan Garrycastle, shi ma sai da aka sake, a waɗannan biyun na ƙarshe Tony McEntee ya koma benci yana koci tare da Gareth O'Neill. Golansu Paul Hearty da Oisín McConville suna cikin duka shidan. Nemo Rangers ta birnin Cork ce kaɗai ta fi su, da bakwai, kuma ita 'yar birni ce.

A ganina 'yan 2011 da 2012 sun fi daɗin kallo. Na farkon ƙarti ne, irin su Francie Bellew a baya, wanda in ka shigo yankinsa sai ka ji a jikinka. Na bayan kuwa, a zamanin da kowa ya koma tara mutane a baya da 'yar gajeriyar miƙa da hannu, su doguwar ƙwallo suke bugawa da ƙafa, ta faɗi sau ɗaya a gaban ɗan gaba kamar Jamie Clarke. Na huɗu... ai na huɗun ke nan muka yi. I, ɗan'uwa mai farar hula?

"Allah gafarta Malam, su sojojin da ke maƙwabtaka da filin, babu wanda ya taɓa sha'awar shiga ya buga?"

Ko ya yi sha'awa, ba hali. A lokacin akwai doka ta 21 a kundin GAA wadda ta hana sojan Birtaniya da 'yan sandan Arewa zama mambobi. Bayan an yi sulhu aka sauya fasalin rundunar 'yan sandan, sai matsin lamba ya taso a soke ta. An soke ta a Nuwamba 2001, amma a cikin gundumomi shidan nan na Arewa, Down ce kaɗai ta goyi baya. Armagh ta ƙi, kuma wanda ya ji labarin filin nan ba zai yi mamaki ba. Yanzu 'yan sandan suna da tasu ƙungiyar ta Gelik. Sojojin kuwa sun tattara sun bar Cross a 2007, shekarar kofi na huɗu. Tsakanin nan, a 2002, Joe Kernan ya karɓi ƙungiyar gundumar Armagh ya ci mata kofin ƙasa karo na farko a tarihinta, suka doke Kerry 1-12 da 0-14. Wa zai yi mana lissafi? Sha biyar da sha huɗu, madalla. McConville ya ɓarar da fanareti kafin hutun rabin lokaci, shi ne kuma ya dawo ya jefa ƙwallon guda ɗayan a raga.

An kira salla, ko? To a kashe na'urar, sauran tambayoyin sai mun dawo.