Tausar ciki ga mai fama da taushewar ciki: daga dama ake farawa

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar taushewar ciki za mu yi, wato mutum ya yi kwana uku ko huɗu bai zaga ba, in ya je ma sai nishi, ga kumburi ga iska ta cika ciki. Akwai abin da hannunka zai iya yi maka a gida, amma fa da ƙa'ida.

Babban hanji tsawonsa ya kai kusan mita 1.5, kuma ba a dunƙule yake wuri ɗaya ba. Yana tashi ne daga ƙasan ciki ta dama kusa da ƙashin ƙugu, ya hau har ƙarƙashin haƙarƙari, ya tsallaka ta saman cibiya zuwa hagu, sannan ya gangaro. Hanyar da bahaya ke bi kenan, ita kuma hannu zai bi, kamar yadda hannun agogo ke juyawa.

To ka kwanta rigingine, ka ɗan lanƙwashe gwiwa don naman cikin ya saki, ka shafa man zaitun ko man kaɗanya. Ka sa tafin hannu a ƙasa ta dama, ka riƙa dannawa a hankali kana ƴan zagaye ƙanana kana hawa, ka tsallaka, ka sauko ta hagu, nan gefen hagun ka ɗan daɗe don nan ne busasshen bahaya ya fi taruwa. Minti 10 zuwa 15 ya isa, da safe ya fi, kuma ba kana gama cika ciki da tuwo ba. In ka ji ƙugi ko tusa ta fita, alama ce mai kyau. In ka ji zafi, ka tsaya.

Yana aiki kuwa? A 2009 an yi gwaji a Suwidin na sati 8, waɗanda aka yi wa tausar sun fi yawan zagawa kuma ciwon cikin ya ragu, sai dai ba su rage shan maganin sakin ciki ba. Kenan taimako ne, sai an haɗa da ruwa sosai, zogale, kuɓewa, gwanda, da ɗan tattaki. Ga tsofaffi da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana da amfani ƙwarai, masu jinya ku koya. Kuma a duba magungunan da ake sha, tramadol da kodin da ƙwayar ƙarin jini duk suna busar da ciki.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau don Allah. Mai juna biyu ba ta yi, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ba ya yi, mai ƙaba ma haka. Sannan cikin da ya yi tauri yana ciwo ko taɓawa ba a iya yi, ga zazzaɓi ga amai, ko tusa ma ta daina fita, wannan ba na tausa ba ne wallahi, yana iya zama afendis ko toshewar hanji ko taifot ce ta huda hanjin, abin da muke yawan gani a yaranmu, kuma dannawa tana ƙara ɓata abin. Haka in akwai jini a bahaya ko mutum yana ta ramewa babu dalili. Waɗannan a ɗauke su zuwa asibiti a ranar, kar a bari sai gobe.