Hirar Fada: Sitaj da Zaman Gaban Maigida

Ramatu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Damagaram. Ni ce Ramatu, ga Lawali a gefena, ga kuma Kawu Mamman, baduku, ya rufe rumfarsa ya zo. Yau zancen koyon aiki za mu yi, na gaban maigida da kuma sitaj, wato koyon aikin da ɗalibai ke yi a ma'aikatu.

Kawu Mamman: Wa alaikumus salam. Ku dai ku hanzarta, ina da jakunkunan mutane.

Lawali: To Kawu, bari in fara da abin da ke cina. Don me ake kai yaro garaji ya yi wata da watanni ba abin da yake yi sai shara da sayo shayi?

Kawu Mamman: Kai da ka yi, me ka gani?

Lawali: Ni dai wankin buji da miƙa ƙarfe na sha yi. Amma gaskiya a wajen miƙawar nan na haddace lambobin kayan aiki. Kuma kunnena ya buɗe. Yau in ɗan kabu-kabu ya shigo, tun bai kashe babur ba na san ko karbireta ce ta toshe.

Kawu Mamman: Ka ba kanka amsa. Mu kafin a ba ka wuƙa, sai an tura ka majema ka ga yadda ake jiƙa fata a toka gashi ya saki, a daka bagaruwa a tsuma ta, a rina ta ja da karan dafi. Wanda bai ga wannan wahala ba, da ganganci zai riƙa yanka fata. Kuma maigida yana kallon hannunka a kan canjin da ya aike ka da shi. Jaka ɗaya ta kuɗi ta isa a san halin yaro.

Ramatu: Kawu, a yi mini haƙuri, ba duka iyayen gida ne irinka ba. Akwai wanda zai riƙe yaro shekaru, ya iya aikin sarai, amma a ƙi yaye shi don ana cin guminsa a banza.

Kawu Mamman: Akwai su, 'yata. Wannan zalunci ne, ba koyarwa ba.

Ramatu: Mu ma namu bai fi ba. Tun da aka buɗe jami'a a nan a 2010, wadda yanzu ake kira André Salifou, duk shekara ɗalibai na fitowa neman wajen sitaj. Kowa idonsa na kan SORAZ, matatar man fetur da ta fara aiki a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. To mutum nawa za ta ɗauka? Saura mu watsu a ofisoshin ma'aikatu. Inda aka kai ni, kujera aka nuna mini da injin fotokofi.

Lawali: Sharar 'yan boko ke nan!

Ramatu: Wallahi. Sai da na lura da wata dattijuwar sakatariya, ita ta san inda kowace takarda take kwana. Na liƙe mata, ina kai mata kaya, ina tambaya. A wajenta na koyi rubuta wasiƙar hukuma da yadda ake bin sa hannu daga tebur zuwa tebur. Shugaban da ya sa hannu a rahotona ko sunana bai riƙe ba.

Lawali: Haka ma garaji. Babban yaron shago ne ke koya maka, maigida yana can yana ciniki.

Ramatu: Shi ya sa nake cewa tun ranar farko a yi magana a fili: me za a koya wa yaro, yaushe zai taɓa aiki, yaushe za a yaye shi. Ko asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a, da wa'adi yake aikinsa, a ƙarshe a ba yaro takarda.

Kawu Mamman: Takarda ba ta ɗinka jaka. Ni yaro sai na ga ɗinkinsa ya miƙe nake sallamarsa, ko shekara nawa ce.

Lawali: To in maigidan ne ba ya son ya ga ya miƙe fa?

Kawu Mamman: Sai uban yaron ya zo da dattawan unguwa a zauna. Lawali, zuba shayin nan, la'asar ta kawo jiki.