Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Koyon Aikin Kare Yara?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonninku na wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato inda mutum zai samu horo a kan aikin kare yara da kuma shari'ar yaran da ake zargi da laifi. Baƙina biyu ne: Barista, wadda ta daɗe tana tsaya wa yara a kotu, da Dakta, mai horar da ma'aikatan walwalar jama'a. Sannunku da zuwa. Lokaci kaɗan ne, tambayoyi kuma tuli.

Ta farko ni zan amsa. Wani ɗan'uwa yana tambaya wa ake nufi da yaro a wannan fanni. Duk wanda bai cika shekara 18 ba, kamar yadda Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada. Ko gemu ya fara tsiro masa, ɗan'uwa, in dai 17 yake, yaro ne.

Wata ɗaliba kuma ta ce tana son wannan aiki amma ba lauya take karanta ba, shin ta makara? Dakta.

Dakta: Ba ta makara ba ko kaɗan. Mafi yawan masu aikin nan ma ba lauyoyi ba ne. Akwai waɗanda suka karanta aikin walwalar jama'a, akwai masu ilimin halayyar ɗan Adam, akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, gandirobobi. Ta gama abin da take karantawa, sai ta ɗora wannan a kai.

Mai gabatarwa: Kin ji ko? Ki koma ki riƙe littafinki. Sai wani jami'in ɗan sanda, yana tambaya ko akwai horo na musamman ga 'yan sandan da ake kawo wa yara. Barista, bismillah.

Barista: To, ka san wannan magana tana da tarihi. Kotun yara ta farko a birnin Chicago na Amurka aka kafa ta, a 1899, domin kafin nan yaro da babba kotu ɗaya ake kai su, a kuma kulle su wuri ɗaya. Aka yi ta tafiya har 1985, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da abin da muke kira Ƙa'idojin Beijing a kan yadda ake yi wa yara shari'a. A 1990 kuma aka samu na Riyadh a kan hana yara faɗa wa laifi tun farko, da na Havana a kan yaran da ke tsare. A shekarar dai ƙasashen Afirka suka yi tasu yarjejeniyar ta haƙƙi da walwalar yaro, wadda ta fara aiki a 1999...

Mai gabatarwa: Barista, ranki ya daɗe, jami'in nan yana bakin aiki, kada mu kai shi har ritaya. Akwai ko babu?

Barista: Ai hanyar nake. Akwai. Ƙa'ida ta 12 ta Beijing ta ce 'yan sandan da ke yawan hulɗa da yara a ba su horo na musamman, ta 22 kuma ta faɗaɗa shi ga duk mai taɓa shari'ar yaro. UNICEF da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, suna irin wannan horo tare da gwamnatoci, haka ma cibiyar haƙƙin yara ta IBCR da ke Montreal a Kanada ta yi aiki da makarantun 'yan sanda a ƙasashen Afirka da dama. Ya tambayi sashen horarwa na rundunarsa. Amma ko kafin a kira shi kwas, abu uku ya riƙe: da an kama yaro a sanar da iyayensa nan take, kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya, kuma tsarewa ita ce mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda nake so mu zauna a kanta, domin saƙonni irinta sun fi kowanne yawa. Wata malamar firamare ce. Ta ce wata ɗalibarta ta tsaya bayan an tashi, ta gaya mata wani babba a gidansu yana yi mata abin da bai dace ba. Ta ce jikinta ya yi sanyi, ta yi ta jera wa yarinyar tambayoyi, ta kuma yi mata alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Yanzu ta rasa yadda za ta yi, tana tambaya ina za ta koyi wannan abu, ita da ba ta da kuɗin komawa jami'a. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika saurari yarinyar nan. Dakta, ka bi a hankali.

Dakta: Malama, da farko kada ki jira kwas. Maganar yarinyar nan yau za ki kai ta ga wanda ke da alhakin kare yara a makarantarku, ko ofishin walwalar jama'a, ko sashen 'yan sanda da ke kula da yara. Ki koma wurinta ki ce, "Na yi miki alkawari, amma abin nan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Zan gaya wa mutumin da aikinsa ke nan, don a kare ki, ba don a tona miki asiri ba." Kada ta ji daga bakin wani. Wannan shi ne darasin farko da muke koyarwa: ba a yi wa yaro alkawarin ɓoye cutarwa.

Na biyu, yadda ake tambaya. In kika ce wa yarinya, "Mutumin nan ne ya taɓa ki, ko ba shi ba ne?" kin riga kin sa mata amsa a baki. Yaro yana son ya faranta wa babba rai, sai ya ce e. Wanda ya samu horo cewa zai yi, "Gaya mini abin da ya faru." Sai ya yi shiru. In ta tsaya, ya ce, "Sai me ya faru kuma?" Ba ya zaro ido, ba ya salati da ƙarfi, ba ya cewa "Me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?", domin wannan tambayar ɗora mata laifi ce. Da ta tafi ya rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, da rana da lokaci, ba tare da ya gyara mata magana ba.

Barista: In ɗan sa baki. Na sha ganin shari'a ta rushe a kan wannan. Uwa ta tambaya, malama ta tambaya, maƙwabciya ta tambaya, ɗan sanda ya tambaya, kafin a zo kotu labarin ya canja kama sau da yawa, lauyan wanda ake ƙara ya ce an koya mata ne. Shi ya sa ƙasar Iceland ta buɗe gidan da suke kira Barnahus a 1998, inda likita da ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da ma'aikacin walwala suke haɗuwa wuri ɗaya, ƙwararre guda ya yi hira da yaron, saura su saurara daga wani ɗaki. Ƙasashen Turai da dama sun kwaikaya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu rubutawa. Kada ku yi alkawarin ɓoyewa. Kada ku sa wa yaro amsa a baki. Ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa. Ku kai magana wurin da ya dace, kada ku je ku tari wanda ake zargi da kanku. Kuma ina roƙonku, ina kuma yi muku faɗa: masu ɗaukar hoton yaro su sa a Facebook wai suna nema masa haƙƙi, ku daina. Wannan hoton zai bi shi har girmansa. To Dakta, ina za ta koya?

Dakta: Wayarta ta isa ta fara. UNICEF tana da dandalin karatu a intanet mai suna Agora, kwasa-kwasansa kyauta ne. Akwai Kaya, na cibiyar da ƙungiyar Save the Children ta kafa, shi ma akwai darussan kare yara kyauta a ciki. Jami'ar Geneva ta Suwizalan ta sa kwas a kan haƙƙin yara a dandalin karatu na Coursera, Jami'ar Harvard kuma ta sa nata a kan kare yara a dandalin edX. Mai son aiki a wuraren da ake rikici ko gudun hijira ya nemi kundin ƙa'idojin kare yara a aikin jin ƙai, wanda ya fito a 2012 aka sabunta shi a 2019.

Mai gabatarwa: Agora, da Kaya. Agora, da Kaya. Abin da ke damuna shi ne yawancin darussan nan da Turanci ne ko Faransanci ko Larabci, alhali wanda yaro ya fi kai wa kuka sau da yawa ba ya jin ko ɗaya. Ku masu horarwa, wannan nauyi a kanku yake.

Wani matashi ya ce ya tara takardun shaida na intanet har guda tara, me ya sa bai samu aiki ba? Tara fa! Sannu da ƙoƙari.

Dakta: Ya yi ƙoƙari, amma takardar intanet ba lasisin aiki ba ce. Masu ɗaukar aiki za su tambaye shi a ƙarƙashin wa ya yi aiki da yara, wa ya duba aikinsa, wa zai shaide shi. Ya nemi aikin sa kai a ƙungiya mai rajista wadda ke da rubutacciyar dokar kare yara. In suka bincika tarihinsa kafin su bar shi kusa da yara, alama ce mai kyau. Ya kuma yi hattara da masu cewa ya biya kuɗi su ba shi takardar Majalisar Ɗinkin Duniya da alkawarin aiki. Damfara ce.

Mai gabatarwa: Mai tambayar digiri na biyu, Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan tana da shi a kan dokokin haƙƙin yara na ƙasa da ƙasa, Geneva ma tana da nata a kan haƙƙin yara.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce, kuma da zafi ya rubuto. Ya ce duk wannan horo shagwaɓa ɓarayi ne, yaron da ya iya sata ya iya zaman gidan yari. Baba, mun ji ka, kuma wanda aka yi wa sata yana da haƙƙi. Barista, minti ɗaya.

Barista: Baba, ba cewa ake kada yaro ya ɗauki alhakin abin da ya yi ba. Ana zaunar da shi da iyayensa da wanda ya cuta, ya amsa laifi, a biya abin da ya ɓata, a sa masa ido. New Zealand ta sa irin wannan zama cikin dokarta tun 1989. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019, wanda Manfred Nowak ya jagoranta, ya ce aƙalla yara 410,000 ake tsarewa a gidajen yari da wuraren jiran shari'a kowace shekara. Yaron da ya saci waya aka kulle shi da manyan 'yan fashi, me kake zato zai koyo? A shekarar dai kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shawarci ƙasashe kada shekarun fara tuhumar yaro da laifi su gaza 14, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta gama...

Mai gabatarwa: Barista, an ɗaga mini hannu, dole mu tsaya. Baba, ka sake rubuto mana in ba ka gamsu ba. Tambayar gandiroban da ke aiki a gidan gyaran halin yara, da ta ma'aikaciyar jinya, su za mu fara da su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malama, don Allah yau ɗin nan ki kai maganar yarinyar nan. Barista, Dakta, mun gode. Ku huta lafiya.